Geron Kawu a Kan Rufin Inna

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, mahaifiyata ta kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki. Allah ya sa da sauran kwana, ta tashi, amma hannun hagu da ƙafar hagu ba su tashi tare da ita ba, bakinta kuma ya ɗan karkace. Da aka sallamo mu daga asibiti muka dawo gidanmu na cikin tsohon garin Tawa da keken marasa lafiya sabo fil, wanda wana ya aiko daga Yamai. A ranar muka gane cewa keken nan da ɗakin Inna ba za su yi shiri ba.

Bari in kwatanta muku ɗakin. Ginin ƙasa ne, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi da hannunsa. Ciki biyu ne: ƙurya inda gadonta yake, sai wani siririn falo a gaba wanda in ka shimfiɗa tabarma ɗaya ka cika shi. Tsakaninsu bango ne mai kauri da 'yar ƙofa wadda ko ni da ba ni da jiki sai na sunkuya na karkata kafin in wuce. Ƙofar ƙuryar tana wannan kusurwa, ta fita tsakar gida tana waccan, don haka ko an faɗaɗa ta keken ba shi da inda zai juya. Duk ranar da Inna za ta ga rana sai an nemo maza biyu sun ɗauko ta, ita kuwa mace ce da ta tsani a ɗauke ta. Ta daure na 'yan kwanaki, daga nan ta ce a bar ta inda take. Matata ta riƙa kai mata abinci ciki. Matar da a da muryarta kan riga ta isa bakin lungu ta koma kwance cikin duhu tana kallon azara.

Wana shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana sai ta bakina. Mutumin Yamai take ce masa. Ya zo duba ta, ya shiga ƙuryar, ya fito idonsa jajir. Ya ja ni zaure ya ce zai dawo hutun ƙarshen shekara, in ya tarar da ita cikin wannan duhun to zai sa ta a mota ya tafi da ita, gidansa akwai fili, asibiti kuma yana kusa. Wallahi ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa, zaman ƙuryar nan cinye ta yake yi. Sai dai ni na san Inna. A gidan nan aka kawo ta, nan ta haife mu, matan lungunmu sun zame mata dangi. Da na kai mata saƙon sai ta juya fuskarta bango.

Ta ce, "Auta, ka ce ma mutumin Yamai na gode. Amma in ya hid da ni gidan ga, ya biɗo likkafani tun bisa hanya."

Ni tela ne, kun sani. Abin da sana'ata ta koya mini shi ne in riga ta matse mutum, farke ta ake yi a ƙara ƙyalle. Na tsaya na dubi bangon nan na tsakiya na ce to ai shi ke nan, a fasa shi, ɗaki biyu su koma ɗaya, keke ya yi ta yawonsa. Har diga na aro. Allah ya taimake ni, a hanya na biya wurin abokina ina ba shi labari, ina jin kaina wani mai dabara.

Abokin nan nawa tare muka yi lakkal, wato makarantar boko. Ni na gudu wurin keken ɗinki, shi ya ci gaba har ya karanci gini, ya zama mai kula da ayyukan gine-gine a cikin gari. Mutum ne mai sanyin jiki har haushi yake ba ni. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya dubi agogo ya sake dubawa kafin ya amsa maka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na san abin da ke zaune a kan bangon. Na ce ba komai sai yanar gizo. Bai yi dariya ba. Ya ce in bar digar nan a wurinsa, zai zo da la'asar.

Da ya zo ya gaida Inna, ya ɗaga kai ya nuna mini abin da nake kallo tun ina yaro ban taɓa gani ba: azarun ƙurya da azarun falo duk a kan bangon nan suka kwantar da kawunansu. Muka hau sama, ya tona ɗan rami a gefe, hannunsa ya nutse har gwiwa kafin ya taɓa zana. Ashe kowace shekara kafin damina mahaifinmu kan sa a ƙara wa rufin yaɓe ba tare da an kankare na bara ba, mu ma da ya rasu muka ɗora a haka. Abokina ya ce duk wannan ƙasar bangon ke riƙe da ita, da na sa masa diga da ni da digar da wanda ke kusa duk sai an tono mu.

Na tambaye shi ko a yaye rufin gaba ɗaya a sa kwano. Inna ta jiyo daga ciki, ta ce in gasa ta muke so mu yi da bazara, to mu faɗa mata. Abokina ya ce ba sai an yaye ba. Bangon zai iya fita, amma sai an sami abin da zai karɓi aikinsa, wato dogon ƙarfen nan mai kauri da magina ke kira IPN, irin wanda ake gani a rufin manyan shaguna. Kuma ƙarfe ba ya zama a kan ginin ƙasa, nutsewa zai yi ta yi a hankali, saboda haka sai an zuba masa ginshiƙai biyu na kankare, ɗaya a kowane gefe, kowanne da tushensa a ƙasa.

Muka bari damina ta ɗauke, da kaka aka fara aiki. Muka mai da Inna ɗakin matata, da rana kuma tana ƙarƙashin rumfa a kekenta, fuskarta na kallon ƙofar ɗakinta, ba abin da ake yi ba ta gani ba. Aka kwashe kaya kakaf, aka zuba ginshiƙai. Nan na sha wuyar abokina. Kullum sai in je in ƙwanƙwasa su in ce ai sun bushe, shi kuma ya ce bushewa daban, ƙwari daban, a ci gaba da ba su ruwa safe da yamma. Ni kuwa ina lissafin ƙarshen shekara yana ta matsowa. Har na taɓa ce masa da shi tela ne da mutane sun yi Salla tsirara. Ya ce shi ya sa bai zama tela ba.

Da ya gamsu, aka kawo ƙarfen an shafe shi da jan fenti saboda tsatsa, an kuma yi masa waldar faffaɗan faranti a sama don kawunan azarun ɗakunan biyu su sami wurin zama. Aka shigar da shi aka kwantar a gindin bangon. Sannan aka jera matokaran ƙarfe, masu zare da ake murɗawa, layi ɗaya a ƙurya, layi ɗaya a falo, da katako mai kauri a sama ya tallafi azara, wani a ƙasa don kada su nutse cikin daɓe. Ya tara mu duka, da masu aiki da matata, ya kafa doka. Daga lokacin da aka fara cire bango har ƙarfe ya hau ya zauna, ba mai shiga ɗakin sai wanda ya kira, ba kuma mai hawa sama, ko kaza ce a kore ta. Tsanin gidan ma ya sa aka kai zaure aka kwantar. Na bi maƙwabta gida-gida na faɗa musu. Duk wanda ya zo mana a rai mun faɗa masa, sai dai ba wanda hankalinsa ya kai Bambeye.

A Bambeye kawuna yake, ƙanen Inna, shi ke noma gonar da suka gada. Kowace kaka, ranar wata Lahadi da kasuwar Tawa ke ci, yakan ɗoro rabonta na gero dami-dami a amalanke ya kawo. Yana da yadda yake yi. Ba ya aiko da labari, ba ya kuma shigowa ta ƙofa. Bayan ɗakin Inna lungu ne, akwai guntun wata tsohuwar katanga da ta zama kamar matakala. Nan yake tsayar da shanu, 'ya'yansa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, su haye, shi yana miƙa musu suna jerawa a kan rufi inda awaki ba sa kaiwa. Sai an gama tsaf sannan ya zagayo ya yi sallama kamar wanda kasuwa ta kawo shi. Ba ya ambaton geron, ita ma ba ta yi masa godiya, fura kawai take dama masa mai yawan nono. Haka na taso na gani, har abin ya zama kamar fitowar rana, ba ka tuna shi sai ya faru.

Ranar Lahadi aka cire bangon. Tun da safe masu aiki suka fara daga sama suna zare tubali ɗaya-ɗaya da hannu, ba duka, ba girgiza. Kafin azahar bango ya tafi, ɗakin ya buɗe wayam, rufin duka yana tsaye a kan matokarai. Abokina ya ce a yi salla a ci abinci, in mazan unguwa sun dawo daga kasuwa a haɗu a ɗaga ƙarfen. Muka zauna a zaure muka sa dambu da zogale a gaba.

Ban kai loma ta uku ba na ji ana buga kwano a tsakar gida, ana bugawa ba ƙaƙƙautawa. Na fito da gudu. Inna ce, ta riƙe cokali da hannunta mai lafiya tana dukan kwanon ruwanta, da ta gan ni sai ta nuna ɗakin da cokalin. Na duba ta ƙofa. Ƙasa ce ke zubowa siririya daga tsakanin azara, matokari ɗaya kuma ya fara karkata. Sai na ji wani abu ya sauka a sama, dif. Wannan ƙarar na san ta tun ina wasan ƙasa.

Na nufi ƙofar da gudu. Har yau ban san abin da na yi niyyar yi ba, wataƙila in tallafe rufin da kaina, ni da ko buhun siminti sai an kama mini. Abokina ya cafko wuyan rigata ta baya har ta yage, riga kuwa ɗinkin hannuna. Mutumin nan mai sanyin jiki, ban san yana da irin wannan saurin ba.

Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ba mai shiga. Kuma kada ka yi kuwwa. In sunka razana sunka ruga bisa rufin, shi ke nan."

Muka zaga ta lungu, muna sauri muna kuma ƙoƙarin kada a ga saurin. Ga amalanke an ci rabinsa. Ga 'ya'yan Kawu a sama, tsaye a tsakiyar rufin, suna jera dammuna a layi ɗaya daidai inda bangon yake da safe. Ba wauta suka yi ba. Mahaifinmu ne da kansa ya koya musu su riƙa jerawa a kan layin bangon tsakiya, don nan ne ya fi ko'ina ƙarfi, su kuma suka riƙe. Abokina ya yi musu sallama da murya mai taushi, ya ce su tsaya cak inda suke, sannan su zauna a hankali su ja jiki zuwa kan bangon waje. Da suka ga fuskarsa ba su tambayi dalili ba, suka yi yadda ya ce.

Saura Kawu. Yana tsaye da dami a kafaɗa, ni kuma saboda ruɗewa ko gaisuwa ban yi ba, na hau zuba masa magana, a sauke geron nan yanzu-yanzu, mun cire bango, ɗaki zai faɗi. Na ga fuskarsa ta canja. Ashe labarin wana ya riga ya kai Bambeye. Ya ce to ashe gaskiya ne abin da ake faɗa, za mu kwashe 'yar'uwarsa mu kai Yamai, har mun fara rushe gidan, yanzu kuma hatsinta ba shi da wurin zama. Ya ce shi dai tun mijinta yana da rai a kan rufin nan yake ajiye mata abincinta, kuma muddin geron nan yana sama to tana gidan. Ya ɗaga kai ya ce wa 'ya'yansa kada wanda ya taɓa dami ko ɗaya.

Abokina ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya roƙe shi ya zagayo ya gani da idonsa. Kawu ya ce shi ba ya shiga gidan yayarsa da kaya a amalanke, bai taɓa yi ba. Ina jin haka raina ya ɓaci, na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama, sai muka ji wani abu ya ce ƙas daga cikin ginin. 'Ya'yan Kawu suka dubi ubansu, suka dube mu. Ba wanda ya motsa.

Sai ga matata ta ɓullo bakin lungu tana turo keken Inna. Ku gane, tun da ciwon nan ya same ta Inna ba ta yarda mutanen waje sun ga fuskarta ba. Ko matan da ke zuwa gaishe ta sai ta ja mayafi ta rufe bakinta, magana kuma ba ta yi gaban baƙo saboda harshenta ya yi nauyi. Ranar kasuwa ce, lungun cike da masu wucewa. Ita ta ce a turo ta, mayafin kuma yana kafaɗa, ba ta ja shi ba. Matata ta tsayar da keken gaban Kawu. Inna ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta.

Ta ce, "Sabke mini hatsina. Ba inda za ni. Amma in ɗakin ga ya hwaɗi, kai ka kai ni Yamai da hannunka."

Kawu ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Rabonsa da ita tun tana gadon asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Ya sauke damin da ke kafaɗarsa ya ajiye ƙasa, ya tsuguna gefen keken ya ce, "To, Yaya." Sannan ya ce wa 'ya'yansa duk abin da mutumin nan ya ce su yi, su yi.

Abokina ya hana kowa komawa tsakiyar rufin. Aka aro maƙata wurin maƙwabcinmu mai kiwon raguna, doguwar sandar nan mai ƙugiya da yake kaɗo musu 'ya'yan gawo da ita. 'Ya'yan Kawu suna zaune a kan bangon waje, su maƙalo dami su jawo shi a hankali, su miƙo ƙasa, masu wucewa suna karɓa. Shi kuma abokina ya koma cikin gida ya tsaya daga wajen ƙofa, idonsa a kan matokarin da ya karkata. Ni aka sa tsakani ina kai magana ina kawowa, in ya ce a dakata in ruga in ce a dakata. Duk addu'ar da na sani na karanta a ranar, har da ta shiga kasuwa. Abin da ke raina ɗaya ne: in rufin nan ya sauka, kafin a sake wani rufin, wana ya iso, kuma ba ni da bakin da zan hana shi.

Da damin ƙarshe ya sauka na ce alhamdu lillahi, a shiga a gyara. Abokina ya ce a'a, a jira ƙasa ta daina zuba. Muka jira. Sannan ya fara kafa sababbin matokarai tun daga bakin ƙofa, sai ya ɗaure ɗaya ya tabbata ya kama kafin ya matsa gaba ya kafa na gabansa, har ya isa wurin wanda ya karkata. Katakon da ke ƙarƙashinsa ya tsage, azara ɗaya kuma ta tsattsage a ciki, ita ce ta yi ƙarar da muka ji. Ya canja katakon, ya murɗa a hankali, ya fito gumi sharkaf. Na ce to yanzu sai ɗaga ƙarfe. Ya ce kowa ya zauna ya sha ruwa tukuna, hannun da ke rawa ba ya ɗaukar ƙarfe. Wannan karon ban yi masa gardama ba.

Da la'asar mazan unguwa suka hallara. Kawu ya tuɓe rigarsa ya ce da shi za a ɗaga. Abokina ya ga shekarunsa, bai kuma so ya kunyata shi ba, sai ya ce aikin yana bukatar murya ɗaya da kowa zai bi, ba kuma wanda ya fi Kawu cancanta. Abokina ya zaɓi waɗanda za su shiga, sauran ya ce su tsaya waje. Ba a ɗaga shi lokaci ɗaya ba. An jera tubalan siminti a kowane gefe, a ɗaga kai ɗaya a ɗora, a huta, a ɗaga ɗayan, a ƙara tubali. Ba mai sa yatsa ƙarƙashin ƙarfe, ba mai tsayawa ƙarƙashinsa. Kawu yana bakin ƙofa, in ya ce bismilla a ɗaga, in ya ce ajiye a ajiye, muryarsa har zaure. A haka har ƙarfen ya kai tsayin ginshiƙai aka tura shi ya zauna. Abokina ya auna shi ya ga ya daidaita, aka kira mai walda ya kama shi da farantan ƙarfen da aka dasa a kan ginshiƙai, aka buga 'yan katakai tsakaninsa da kawunan azara har kowace ta sami mazauni, aka cike da siminti. Azarar da ta tsage aka sa mata sabuwa a gefenta.

Da aka gama Kawu ya wanke hannu ya je ya zauna ƙasa kusa da keken Inna. Na ji ya fara cewa saura kaɗan yau ya yi mata abin da bai taɓa nufi ba. Ba ta bari ya ƙarasa ba, ta tura masa ƙwaryar furar da matata ta dama, ta ce ya sha furarsa tana tsinkewa. Geron kuwa a zaure muka jera shi bisa katako.

Matokarai sun ƙara kwanaki a wurin, ni kuma na koyi rufe bakina. Ranar cire su abokina ya riƙa sassauta ɗaya kaɗan, ya tsaya ya saurara, ya matsa na gaba. Har aka fitar da na ƙarshe ko ƙwayar ƙasa ba ta faɗo ba. Aka gyara daɓe, aka cire dokin ƙofa aka yi ɗan gangare zuwa tsakar gida. Inna ta koyi tura kanta da ƙafar dama da hannun dama. Da farko keken kan karkace ya kai ta ga ginshiƙi, ta tsaya ta yi wa ginshiƙin faɗa sosai kamar yana ji, mu kuma muna ɓoye dariya.

Wana ya iso ƙarshen shekara kamar yadda ya ce. Na leƙa motarsa na ga ya kwantar da kujerar baya ya shimfiɗa katifa da matasai, da shirinsa ya zo. Ya yi sallama ya shigo yana nufin ƙurya, sai ga Inna ta gangaro da kanta daga cikin ɗaki har tsakiyar gida, tana yi wa matata faɗan an cika wa miya gishiri. Ya tsaya sororo. Ya shiga ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen, ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon wani wuri, kamar kullum, sannan ta juyo wurina.

"Auta, tambayi baƙon ga yaushe za shi koma, in sa a surfa mishi gero."

Wana ya yi dariya, ya ce zai ɗauko kaya a mota. Ya daɗe bai dawo ba. Da na bi shi na tarar da shi ya jingina da motar yana share ido da hula. Bai ta da maganar tafiya da ita ba, a ranar ko bayanta.

In na tuna abin nan yau, godiya ce ke cika mini ciki. Ina gode wa Allah da ya sa na biya wurin abokina da digar nan a kafaɗa. Ina gode wa shi abokin nawa, wanda na sha yi wa ba'a saboda sanyin jiki, har yanzu ma ina yi, amma rigar da ya yaga mini ban taɓa ce masa ya biya ba. Kawu ma ina gode masa, don taurin kansa na ranar ƙaunar 'yar'uwarsa ce ta kawo shi. Masu tambayata shawara kan fasa bango kuwa, abin da nake ce musu shi ne su nemi wanda ya san aikin, su kuma yi haƙuri da jinkirinsa. Sannan su zauna su tuna duk wanda ya saba yin wani abu a gidan ba tare da ya nemi izini ba, ko da a wani gari yake kwana, su aika masa.

Inna ta yi shekaru a ɗakin nan bayan haka. Da hantsi takan gangaro bakin zaure, matan lungu su kewaye ta, ba mayafi a baki, ana hira tana gyara wa kowa zance. A nan ciwon ajali ya same ta, a kan gadonta, ƙarƙashin azarun mahaifinmu. Wana yana riƙe da hannunta na dama, Kawu yana zaune daga ƙafa. Da mata suka gama shirya ta, makara ta shiga har bakin gadon ba tare da an karkata ta ba. Fitar da Inna ta yi daga gidan nan ke nan, a kafaɗun maƙwabtanta. Allah ya jiƙanta da rahama.